Kwas ɗin sakula ikonomi da na yi ta waya: inda ya burge ni da inda ya ba ni haushi

Tun da na ɗora hoton satifiket ɗin nan a Facebook mutane suka dame ni da tambaya, wane kwas ne, nawa ake biya, yana da amfani ko irin na cika fayil ne kawai. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta. Kwas ne na onlayin, wata jami'a ce can arewacin Turai ta shirya shi ta ɗora a ɗaya daga cikin manyan manhajojin karatun nan na intanet, a kan sakula ikonomi da kasuwanci mai ɗorewa, wato yadda za a tsara sana'a kaya su riƙa zagayawa a hannun mutane maimakon a haƙo, a ƙera, a mora, a watsar a bola. Ba zan kama sunan jami'ar ba, don ba talla na zo yi musu ba, kuma akwai inda zan ɗan taɓa su. A gajarce dai kwas ɗin ya yi, ya cancanci datarka, amma bai san akwai wani gari wai shi Zariya ba, kuma in ka yi shi kana kwance a ɗaki ba ka taka ka je wurin 'yan gwangwan ba to rabin karatun kawai ka yi.

Ni dai digiri na biyu nake yi a ɓangaren kasuwanci a ABU, sufabaiza na ne ya ce in nemi irin wannan kwas kafin in fara rubuta furojet. Sannan ƙanin mamanmu sana'arsa ke nan, yana da fili ta wajen Ɗan Magaji inda yake sayen ƙarafa da roba da kwali, mun taso muna zuwa wurin da hutu. Da wannan idon na kalli kwas ɗin, wani da bai da kawu ɗan gwangwan ƙila ya ga abin daban.

Tsarin kwas ɗin ba wuya. Bidiyo ne gajeru gajeru, kowanne da rubutun abin da malamin ya faɗa a ƙasa, sai takardun karatu, sai kwiz ƙarshen kowane sati, sai asayimen babba guda wanda 'yan uwanka ɗalibai ne za su duba su ba ka maki. Wannan rubutun na ƙasan bidiyo shi ya cece ni wallahi, domin turancin wasu malaman sai ka kasa kunne sosai, ga netwok ɗin Samaru da yamma in ɗalibai sun dawo daga lacca kowa ya hau waya, bidiyo ya yi ta juyawa ba ya gaba ba ya baya. Dabarar ita ce ka sayi datar dare ka sauke komai na satin, ka kalla da rana a nutse, in ba wuta ma rubutun ya isa, ba ya cin caji.

Satin farko tarihi ne da tushen abin, kuma gaskiya sun iya ba da labari. A nan na san Ellen MacArthur, baturiyar Ingila da ta zagaye duniya ita kaɗai a jirgin ruwa mai filafilai cikin kwana 71 a 2005, ta ce zaman cikin jirgin ne ya nuna mata abin da ka ɗauko shi ke nan gare ka, in ya ƙare ya ƙare, daga baya a 2010 ta kafa gidauniyar da yanzu kusan duk mai maganar wannan fanni sai ya ambace ta. Suka kawo alƙaluma masu tayar da hankali: robar da duniya ke zubarwa kashi 9 cikin 100 ne kacal ake sake sarrafawa, tarkacen kayan lantarki kuma tan miliyan 62 aka zubar a 2022, wanda aka tattara aka sarrafa a hukumance bai wuce kashi 22 da ɗan ɗoriya ba. Akwai ma wani lissafi da wata ƙungiya a Amsterdam ke fitarwa na yawan kayan da ke komawa cikin masana'antu bayan an yi amfani da su, a 2018 kashi 9.1 ne, zuwa 2023 ya sauko 7.2. Wato duk surutun da ake yi a taruka baya ma ake ci.

Amma abin da ya fi zauna min a kai, wanda shi kaɗai ma ya biya kuɗin datar, shi ne da suka ce narkar da abu ko niƙa shi a sake yin sabo shi ne mataki na ƙarshe, na wanda ya rasa yadda zai yi. Kafin a kai nan akwai kula da abu ya daɗe, akwai gyara, akwai sayar wa wani ya ci gaba da mora, akwai kwance shi a sabunta sassan da suka gaji a mayar kasuwa. Dalilin kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Waya mai aiki tana da kuɗi masu kauri, in ta mutu aka kwance ta aka sayar da sikirin da fanel da batir daban daban kuɗin sun ragu amma da sauran su, in kuwa aka kai ga niƙa ta don a ciro ɗan jan ƙarfe da ɗan zinaren da ke ciki to abin da za ka samu bai taka kara ya karya ba, duk aikin injiniyoyi da wuta da aka kashe wajen haɗa ta ya tafi a banza. Ina jin wannan sai yaran nan masu gyaran waya na PZ suka faɗo min a rai, kowa da tebur da fitila da akwatin matattun wayoyi a ƙarƙashi, ba su zubar da komai, ka kawo waya caji fot ya lalace ya jawo wata gawar ya cire nata ya manna maka. Su turawan sai da Faransa ta fara aiki da doka a 2021 cewa dole a liƙa wa wayoyi da kwamfutoci da wasu kayan lantarki makin sauƙin gyara a shago, sai da Tarayyar Turai ta tilasta caja iri ɗaya daga ƙarshen 2024, duk don su dawo da abin da mu talauci ya hana mu bari.

To a nan haushina na farko ya fara. Misalansu duka na can ne. Kalundborg a Denmak, inda tun wajen 1972 masana'antu ke musayar abin da ya rage musu, tururin tashar wuta ya tafi kamfanin magani na Novo Nordisk da ɗumama gidajen gari, farar ƙasar da ke fita wajen tace hayaƙi ta tafi kamfanin yin allon silin, tarkacen kamfanin maganin ya zama taki ga manoma. Sai filin jirgin Schiphol na Holan da suka ƙulla da Philips a 2015 cewa haske za su riƙa saya ba ƙwan fitila ba, fitilun na kamfanin ne, in sun mutu matsalarsa ce, don haka dole ya ƙera masu ƙarko. Sai Jamus da ake ɗora santi 25 a kan gorar lemo, ka mayar da ita cikin inji a shago ya ba ka kuɗinka. Duk abubuwa ne masu kyau ban musa ba, na Schiphol ɗin ma ya burge ni ƙwarai don ya juya tunanin mai ƙera kaya gaba ɗaya. Amma daga farko har ƙarshe Afirka sau nawa ta fito? In ta fito ma a matsayin inda ake jibge shara take fitowa, hoton yara cikin hayaƙi, sai a ce Ruwanda ta hana leda a 2008 Kenya ta bi a 2017, shi ke nan an wuce. Ko labarin Koko na 1988 da aka kawo gangunan guba daga Italiya aka jibge a wani fili a jihar Delta ta yanzu, wanda yana cikin irin abubuwan da suka sa aka yi yarjejeniyar Basel a 1989, ba su taɓo ba, a wajen wani malaminmu na ji shi.

Kuma wannan na Jamus ɗin ai mun yi shi. Duk wanda ya yi wayo kafin gorar roba ta mamaye gari ya san ba ka fita da kwalbar lemo daga shago sai ka kawo wata ko ka ajiye kuɗin kwalba, motar kamfani ta zo ta kwashe kiret a wanke a sake cikawa. Mu muka bar wannan muka koma wanda ake sha a jefar.

Babban asayimen ɗin shi ne ka ɗauki kaya guda ɗaya a inda kake zaune, ka bi sawunsa daga inda ya fito har inda ya ƙare, ka zana taswira, ka nuna inda kuɗi da kaya ke yoyo. Na ɗauki gorar ruwa da ta lemo. Na je na samu Kawu na ce ranka ya daɗe so nake in riƙa zuwa ina zama ina rubuta abin da ke shiga da fita, ya dube ni ya yi dariya ya ce to ɗan boko, yanzu kuma bolar ce aka mayar digiri, ka zo mana amma kada ka zo min da farar shadda.

Abin da na gani a filin nan ba ya cikin kowane bidiyo. Gora kafin ta zo wurin Kawu ta riga ta yi rayuwa biyu ko uku, domin masu kyan ciki waɗanda ba su lotse ba kuma da murfinsu ba sa ma isowa sikeli, mata masu kunun aya da zoɓo da fura, da masu man gyaɗa da manja na awo, da 'yan bumburutu, su ke saye da ɗaiɗaya, kuma kuɗin guda ɗaya a haka ya fi abin da za ta kawo in an auna ta a kilo nesa ba kusa ba. Yaran da ke tsintowa sun san wannan ba wanda ya koya musu, tun a hanya suke warewa. Sai wadda ta fashe ko ta yi dauɗa sosai ita ke zuwa awo. A nan kuma wata warewar ce, fara daban, mai ruwan kore daban, mai ruwan ƙasa irin ta maltina daban don ita ta fi arha, a cire murfi a yage takardar jiki. Na tambayi wani yaron Kawu me ya sa ake wahalar cire murfin, ya ce oga ai ba jinsinsu ɗaya ba, ya ɗauko yankakkiyar gora da murfi ya jefa cikin bokitin ruwa, gorar ta nutse murfin ya taso sama. Daren ranar na buɗe takardun kwas ɗin sai ga shi, gorar ita ce mai lamba 1 a gindi, ta fi ruwa nauyi, murfin kuma mai lamba 2 ne ko 5, bai kai ruwa nauyi ba, kuma da wannan dabarar ta ruwa manyan injinan wanki ke raba su. Yaron nan ko firamare bai gama ba.

Ta ɓangaren ƙarfe kuma mayen ƙarfe ne a aljihun kowa, a manna, in ya kama baƙin ƙarfe ne a jefa can, in bai kama ba sai a kankare da wuƙa a ga launi, ja ne ko ruwan ɗorawa ko fari, kowanne da farashinsa, jan ƙarfe shi ne sarki. Baƙin ƙarfe tirela ke kwasa zuwa kamfanonin narka na Legas da Ogun su yi rodi a sake kawo mana mu yi gini da shi. Roba yawanci Kano take tafiya, a niƙa a yi buta da bokiti da silifas. Alminiyam kuwa sau da yawa ba ya ma barin gari, masu zubin tukwane ke saye, su narka su zuba a cikin ƙasar da suka danna da siffar tukunya, kuma kwas ɗin ya ce sake narka alminiyam yana rage kusan kashi 95 na wutar da za a ci in daga dutsen za a fara, ka ga ashe masu zubin tukwanen nan ba ƙaramin aiki suke yi ba.

Inda kwas ɗin ya yi min rana shi ne da na zauna na jera lissafin yadda suka koyar. Kawu ya san sana'arsa fiye da duk wani farfesa, amma a ka take, littafinsa bashi kawai yake rubutawa, wane ya karɓi kaza zai kawo kaya. Da na bi gorar daki daki sai ya fito fili cewa ba a wajen saye yake asara ba, a mota ne. Gora iska ce, mota tana cika maƙil tun nauyin bai kai ko'ina ba, kuɗin mota kuwa tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san inda ya nufa, ga dizal da ya riga ya yi gaba tun kafin nan. Wato kuɗin jigilar iska yake biya daga Zariya zuwa Kano. Yaran suna tattaka ta da ƙafa su cusa a manyan buhuna amma hakan bai isa ba, sai injin matsewa ko na niƙa. Abu na biyu, jarinsa yana kwance cikin tulin da yake jira ya cika mota, wani lokaci har farashi ya faɗi kafin ya tashi, da damina kuma kwali ya jiƙe, roba ta kwashi laka, mai saye ya zabge masa kilo. Na nuna masa a takarda, ya yi shiru ya jima yana kallo sannan ya ce duk na san wannan ɗana, amma ban taɓa ganinsa wuri ɗaya ba, to injin da wace wutar zai tashi? Wannan tambayar ba ta da amsa a kwas ɗin, don su a wurinsu wuta ba abin tattaunawa ba ce.

Na tura asayimen, waɗanda suka duba min mutum biyu sun yaba, ɗaya kuma ya rage min maki wai ban nuna rawar da hukumar kwashe shara ta gari ke takawa wajen ware roba daga gidaje ba. Ina zan samo ta? Wannan tsarin na ɗalibi ya duba ɗalibi shi ne mafi rauni a kwas ɗin gaba ɗaya, ba malamin da zai ga aikinka, ba inda za ka kai ƙara, wanda bai taɓa ganin baban bola da kurarsa ba shi zai yanke maka hukunci da ma'aunin garinsu.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa nake mun fi su, a'a. Kwas ɗin ya buɗe min ido a kan ƙazantar namu tsarin, abin da na taso ina gani har ya daina damuna. Wayar wuta ƙona ta ake yi a ciro jan ƙarfen, baƙin hayaƙin nan yara ne ke tsaye a kansa ba ko ƙyalle a hanci. Batirin mota ana fasa shi da gatari a tsiyayar da ruwan a ƙasa a ciro dalmar, kuma duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar haƙar zinare ta zo, ya san ba abin wasa ba ce, ba ta fita daga ƙasa kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Hatta tukunyar da na yaba, in mai zubi ya haɗa da tarkacen inji da duk abin da ya samu, wa ya auna abin da ke cikinta? Gorar kunun ayan ma wani lokaci daga kwata aka tsamo ta, wankin da aka yi mata Allah kaɗai ya sani. Ga kuma sata, wadda ita ta ɓata wa sana'ar suna, murfin kwalbati, wayar taransifoma, kan famfo, har tukunyar da mata suka bari a tsakar gida, shi ya sa a farkon 2025 aka hana 'yan bola jari yawo a cikin Abuja har aka rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci. Kawu ba ya sayen kayan gwamnati ko waya mai kauri daga hannun yaro, amma ba kowa ne Kawu ba. Akwai sati guda a kwas ɗin kan lissafin illar kaya tun daga haihuwarsa har mutuwarsa, shi ya koya min cewa don abu ya zagayo ba shi ke nufin ya zagayo da tsafta ba, kuma wannan satin shi ya fi wuya, lissafi ne sosai, wanda ya gudu daga darasin lissafi a sakandare zai ji a jikinsa.

Wani giɓin kuma noma. Sun yi magana a kan abin da ke ruɓewa ya koma ƙasa amma a gurguje, misalinsu ɗaya ko biyu, alhali mu nan ne ƙarfinmu yake. Gyaɗa kaɗai ka duba, a matse mai, tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, harawa ta tafi wurin tumaki, kashinsu ya koma gona. Dusar masara, totuwa, kara na danni da girki, tokar ma ba a zubarwa. Kashin kaji daga gonakin kaji buhu buhu ake saye a kai fadamun Galma a zuba wa tumatir da albasa, tun da takin zamani ya yi tsada ma har rububinsa ake. Manoma tun kaka da kakanni suna kwasar takin bola daga cikin gari zuwa gona, sai dai yanzu rabin bolar leda ce, ka je gona bayan an watsa ka ga baƙar leda da ta fiya wata ko'ina, kuma ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa cikin tumbin akuyar da ta yi kiwon gari, dunƙulen leda ne wani har ya yi tauri. Ita ledar fiya wata ana saye a wasu wuraren amma ba ta da nauyi, sai ka tara abin mamaki kafin ta yi kilo, shi ya sa yara ba su damu da ita ba, ita ce kuma ke toshe kwatoci daga Tudun Wada har Sabon Gari da zarar ruwan Agusta ya sauka, ragowar ta gangara Kubanni. Garin da ke da cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru da ta binciken dabbobi NAPRI a Shika da ta binciken sinadarai NARICT a Basawa da cibiyar fata duk wuri ɗaya, ni a ganina kwas irin wannan da a nan aka rubuta shi da ya fi wannan nama a jiki.

Ɓangaren doka sun yi bayanin tsarin da ke cewa wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi shi ke da alhakinsa har bayan an gama amfani da shi, ya biya kuɗin tattarawa. Mu ma muna da shi a takarda ƙarƙashin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, manyan kamfanonin lemo da abinci ma sun haɗa wata ƙungiya tun 2018 don tattara gora, Legas kuma ta hana robar tekawe mai kumfa a Janairun 2024. Duk wannan ni na nemo da kaina don in cike furojet, kwas ɗin dokokin Turai kawai ya sani, sai ɗan abin da ya faɗa kan dokar da Chaina ta yi a 2008.

Maganar kuɗi. Kallon bidiyo da karatu kyauta na yi, satifiket ne ake biya, kuma da dala. Katina na naira ya ƙi wucewa sai da na tura wa wani abokina mai katin dala ya biya min, ga canji yadda yake, kuɗin da bature zai ɗauka na shan shayi ne mu a nan kuɗin cefanen kwanaki ne. Akwai fom na neman tallafi in ba ka da hali, wata 'yar ajinmu ta cike kuma an ba ta, sai dai za ka jira kuma sai ka rubuta dalili da turanci mai ɗan tsawo. Ni shawarata in don ilimin kake so kar ka biya ko sisi. In kana neman aiki a ƙungiyoyin nan masu zaman kansu ko kana harin sikolashif na waje to takardar tana iya ƙara maka ɗan nauyi, ita ma ka fara gwada fom ɗin tallafin. In kuwa tunaninka ka gama ka buɗe kamfanin sarrafa roba, kwas ɗin ba zai gaya maka kuɗin inji ba, ba zai gaya maka wa ke saye a Kano ba, ba zai gaya maka yadda ake ba yaro jari da safe ya dawo da kaya da yamma ba tare da ya gudu da kuɗin ba, wannan sai ka je ka durƙusa gaban masu abin.

In maki zan bayar, bakwai cikin goma. Koyarwa da tsari sun ci, lissafin da suka ba ni ya shiga furojet ɗina kai tsaye har sufabaiza ya ce in faɗaɗa babin jigilar. Duba asayimen da rashin misalan da suka shafe mu su suka cinye ukun. 'Yan kasuwanci da 'yan tattalin arziki da 'yan injiniya da masu karatun tsara birane duk zai yi musu amfani, 'yan noma za su ga an yi musu rowa. Kawu dai yanzu ya sa a tambayo masa kuɗin injin matse gora na hannu a Panteka ta Kaduna, irin mai jak wanda ba ruwansa da nefa, ya ce in kuɗin bai fi ƙarfinsa ba zai gwada bayan damina.